Cocin tsibirin Perast: ginin barok ne, ko adon ciki ne ya ba shi sunan?

Sani_Zayyana: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga malaman tarihi da masana gine-gine. A mashigin tekun Kotor da ke ƙasar Montenegro, daura da wani ɗan gari mai suna Perast, akwai ƙaramin coci a kan tsibiri wanda mutanen wurin ke kira Gospa od Škrpjela, an keɓe shi ga Nana Maryamu mahaifiyar Annabi Isa. Duk inda aka ambace shi sai a lissafa shi cikin gine-ginen salon barok, wato salon gini da zane da ya yi tashe a Turai a ƙarni na 17 da na 18, alhali abin da aka koya mana game da barok shi ne bango mai lanƙwasa, ginshiƙai bibbiyu, gumaka a saman ƙofa, da ado mai yawan da ido zai rasa inda zai tsaya. Wannan kuwa ɗaki ne guda mai tsawo na dutse, fuskarsa ba ta da wani ado na a zo a gani, sai ƙubba a ƙarshensa da hasumiyar ƙararrawa mai siffar da'ira. A ganina lokacin da aka gina shi ne kawai ya sa ake kiransa barok, amma tsarin ginin bai cancanci sunan ba. Ina neman gyara daga wanda ya fi ni sani.

Dan_Damagaram: Wa alaikumus salam. Ina goyon bayanka, Malam Sani, har ma ina ganin ko lokacin bai yi daidai ba, domin shekarar da ake dangantawa da cocin ita ce 1452, kuma a wannan lokaci ba a fara salon barok ba ko a birnin Rum.

Malam_Yakubu_Tarihi: Ɗan Damagaram, a nan akwai buƙatar a raba abubuwa biyu. Shekarar 1452 ta labarin asalin wurin ce. Mutanen Perast suna cewa a ranar 22 ga Yuli ta wannan shekara wasu masunta biyu 'yan'uwan juna suka tsinci hoton Maryamu riƙe da ɗanta a kan wani dutse da ya ɗan leƙo daga cikin ruwa, sai aka yi alwashin gina mata ɗakin ibada a daidai wurin. Wannan labarin baka ne, kuma a matsayin haka ya kamata a ɗauke shi, ko da yake hoton da ke kan bagadi a yau na ƙarni na 15 ne, masana kuma suna jingina shi ga mai zane Lovro Dobričević, mutumin Kotor. Ɗan ɗakin ibadar farko ba shi ne muke gani yanzu ba. Babban ɗakin cocin na yanzu an gina shi ne a wajajen 1630, sannan a shekarun 1720 aka ƙara masa sashen bagadi mai kusurwa takwas tare da ƙubbarsa, bagadin marmara kuwa sai a 1796 aka kafa shi. Saboda haka ginin cocin da ke tsaye a tsibirin ya faɗo cikin zamanin barok. Wannan bai amsa tambayar Malam Sani ba, amma ya kawar da batun shekara.

Injiniya_Hadiza: Kafin a yi nisa a kan salo, ina so a lura cewa babban aikin gini a wurin nan shi ne ƙasar da cocin ke tsaye a kai. Tsibirai biyu ne a gaban Perast. Ɗayan, Sveti Đorđe, halitta ce, yana da tsohon gidan sufayen Kirista mabiya Waliyi Benedikt na ƙarni na 12 da maƙabarta da dogayen itatuwa. Wanda muke magana a kansa kuwa mutane ne suka tara shi da hannu a kewayen wancan ɗan dutse, ta hanyar zuba duwatsu da kuma cika tsofaffin jiragen ruwa da waɗanda aka ƙwato a yaƙi da duwatsu a nutsar da su. Faɗinsa yanzu ya ɗan haura murabba'in mita 3,000. Dabarar nutsar da jirgi tana da hikima, domin dutsen da aka zuba a sake cikin ruwa mai zurfi yakan baje ya gangara, amma idan yana cikin gangar jirgi sai ya zauna a dunƙule har ya kama ƙasa, katakon da ke nutse a cikin laka kuma ba ya saurin ruɓewa. Duk magini ya san cewa ba a ɗora gini mai nauyi a kan cikon da bai gama zama ba. Ni a wurina wannan yana cikin dalilan da suka sa ɗakin ya zo gajere, mai faɗin bango, ba tare da doguwar fuska mai gumaka ba.

Aminu_Bakin_Ruwa: Malam Sani, hotunan waje ne suka hana ka ganin abin. Allah Ya nufa na shiga cocin lokacin da nake karatu a yankin, kuma daga bakin ruwan Perast 'yan mintoci ne kawai a ƙaramin jirgi. Daga waje ba ka tsammanin komai, amma kana tsallake ƙofa sai ka tarar babu wani fili a bango ko a rufi da aka bari haka nan. Akwai zane 68 na fentin mai a kan ƙyalle, duka aikin mutum ɗaya ne ɗan garin, Tripo Kokolja, wanda aka haifa a 1661 ya rasu a tsibirin Korčula a 1713. A jerin ƙasa akwai annabawan Tsohon Alkawari, a sama kuma manyan zane-zane na rayuwar Maryamu, mafi girmansu shi ne na rasuwarta, tsawonsa ya kai mita 10. Rufin an rarraba shi gida-gida, kowane gida da zanensa, ana zagaye su da katako mai ruwan zinariya. Tsakanin jerin sama da na ƙasa kuma aka jera faranta na azurfa sama da 2,000 waɗanda matuƙan jiragen ruwa suka kawo bayan sun tsira daga guguwa ko hari, da yawansu an sassaƙa hoton jirgin a jiki. Da yake tagogin ƙanana ne, ɗakin yana da ɗan duhu, azurfar tana ƙyalli, can gaba kuma haske yana saukowa daga ƙubba a kan bagadi.

Sani_Zayyana: Na gode, Malam Aminu, amma bayaninka ya ƙara mini ƙarfi ne. Abin da ka lissafa duka aikin mai zane ne da maƙerin azurfa. Idan aka kwashe su aka kai gidan tarihi, abin da zai rage shi ne ɗaki mai kusurwa huɗu wanda za a iya gina irinsa shekara ɗari kafin nan. Ka kwatanta da ƙaramin cocin San Carlo da maginin Italiya Borromini ya fara a Rum a 1638, wanda shi ma fili kaɗan ya samu, amma bangonsa da kansa yake shiga yana fita, ko da babu zane ko ɗaya za ka san barok ne.

Bulus_Wusasa: Ɗan'uwa Sani, ni ba masanin gini ba ne, amma a matsayina na ɗan Katolika ina ganin ka raba abin da masu wannan salo ba su raba ba. Barok ya taso ne bayan taron Trent da aka yi daga 1545 zuwa 1563, inda shugabannin ikilisiya suka tsaya a kan cewa hotuna suna da amfani wajen koyar da masu bi, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. Daga nan aka fi son ɗaki guda mai faɗi wanda kowa zai ga bagadi ya kuma ji wa'azi, kamar yadda aka yi a cocin Gesù na Rum, sai a haɗa gini da zane da sassaƙa da haske su yi aiki ɗaya. Zanen Kokolja ba kayan rataya ba ne da aka sayo a kasuwa. An auna bangon ne aka zana su domin wurin, kuma Akbishop Andrija Zmajević na Bar, ɗan asalin Perast wanda ya rasu a 1694, shi ne ya ɗauki nauyin mai zanen. An tsara su ta yadda mai shiga zai fara da annabawa a ƙasa, ya ɗaga kai ya bi rayuwar Budurwa Maryamu, ya ƙare da ɗaukarta zuwa sama a tsakiyar rufi. Idan ka kwashe su ka rushe rabin ginin ke nan.

Hajiya_Rabi_Koki: Ni abin da ya tsaya mini shi ne kuɗin. Garin da ake cewa mazaunansa a yau 'yan ɗaruruwa ne, ina ya samu dukiyar nutsar da jirage da sayen marmara da wannan azurfa? Malam Yakubu, a taimaka mana.

Malam_Yakubu_Tarihi: Hajiya, amsar tana cikin inda garin yake. Perast ya kasance ƙarƙashin jamhuriyar Benis (Venice, a Italiya ta yau) daga 1420 zuwa 1797, kuma yana fuskantar Verige, wato mafi ƙuncin wuri a mashigin, inda duk jirgin da zai shiga Kotor dole ya bi. Maƙwabtansa kuwa, Risan da Herceg Novi, suna hannun Daular Usmaniyya har zuwa 1684 da 1687. Ke nan garin kan iyaka ne, Benis tana buƙatar jiragensa da mayaƙansa, ita kuma ta saka masa da sassaucin haraji a kasuwancinta. Mutanen Perast ne ma ke da alhakin tsaron tutar jamhuriyar a lokacin yaƙin ruwa. Da wannan gata suka yi arziki a ƙarni na 17 da na 18, suka gina manyan gidajen dutse a bakin ruwa da coci-coci masu yawa, har da hasumiyar cocin Waliyi Nikola, babban cocin garin, mai tsawon mita 55. Ƙwarewarsu ta kai ga Sarki Bitrus na Rasha ya tura samari a ƙarshen ƙarni na 17 su koyi tuƙin jirgi a hannun Marko Martinović ɗan Perast. Wani ɗan garin kuma, Matija Zmajević, ya zama babban hafsa a rundunar ruwan Rasha.

Amma zaman bai kasance na kwanciyar hankali ba. A 1624 'yan fashin teku daga arewacin Afirka suka afka wa garin suka kwashe ɗaruruwan mutane, kuma bayan wannan hari ne da 'yan shekaru aka gina cocin da muke gani. A ranar 15 ga Mayu, 1654, rundunar Usmaniyya ta kawo hari aka kore ta, mutanen garin suka jingina nasarar ga Maryamu, har yau kuma suna bikin ranar. Wanda ke gini a tsakiyar ruwa a irin wannan hali ba zai zuba dukiyarsa a waje ba. Ku dubi hasumiyar ƙararrawar da kyau, za ku ga ta fi kama da hasumiyar tsaro. Wannan bai kore dalilin da Injiniya ta kawo ba, ƙari ne a kansa.

Dan_Damagaram: Malam, na gamsu da bayanin shekarun. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a daina tara tsibirin ba. Kowace shekara ranar 22 ga Yuli da faɗuwar rana ana yin abin da suke kira Fašinada, a ɗaure kwale-kwale a jere, a yi musu ado da rassan itace, a loda duwatsu, a tafi ana waƙa a zuba su a kewayen tsibirin. Aikin gayya ne sosai irin wanda muka sani, sai dai nasu gonar guda ce kuma ba a taɓa gama nomanta ba. A al'adance maza ne ke shiga jiragen, mata suna kallo daga gaɓa.

Injiniya_Hadiza: Fašinada tana da kyau, amma kada mu ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Duwatsun da mutum zai ɗaga da hannu ya jefa daga kwale-kwale sau ɗaya a shekara ba su ne ke riƙe da ginin ba a yau, abin da suke yi shi ne cike ɗan abin da ruwa ya zaizaye a gefe. Sa'ar wurin ita ce yana can cikin mashigin, duwatsu masu tsawo sun kewaye shi, manyan igiyoyin tekun Adiriyatik ba sa isowa. Babbar barazanar yankin ita ce girgizar ƙasa. Ta 1667 da ta rushe birnin Dubrovnik na ƙasar Croatia ta yau ta taɓa garuruwan mashigin, ta ranar 15 ga Afrilu, 1979 kuma ta yi wa Kotor mummunar ɓarna, har hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a wannan shekara, ta kuma bar shi a jerin waɗanda ke cikin haɗari har 2003. Gini gajere mai kaurin bango ya fi jure irin wannan jijjiga fiye da doguwar fuska mai ɗauke da gumaka.

Talatu_Mai_Dinki: Tun da an ce mata suna tsayawa a gaɓa, bari in tuna wa zaure cewa abin da baƙi suka fi tambaya a ɗan gidan tarihin da ke manne da cocin aikin mace ne. Jacinta Kunić-Mijović, 'yar garin, ta shafe shekara 25 tana surfanin hoton Maryamu da ɗanta yayin da take jiran mijinta ya dawo daga teku, ta gama a 1828. Ta yi amfani da zaren siliki da na zinariya da na azurfa, gashin mala'ikun da ke kewaye kuwa da gashin kanta ta ɗinka shi, shi ya sa na wasu baƙi ne na wasu kuma furfura. An ce aikin ya ci idonta. Duk wadda ta taɓa zama da allura da ƙaramin zare ta san abin da wannan yake nufi. Faranta na azurfa na waɗanda suka dawo ne, wannan kuwa na wadda aka bari a gida ne.

Aminu_Bakin_Ruwa: Gaskiya ne, Yaya Talatu, ɗinkin ƙarami ne ƙwarai, sai an matsa kusa ake ganin sauyin launin gashin. Akwai kuma wata 'yar hanya mai ƙunci a bayan bagadi inda ake zura hannu a taɓa asalin dutsen, mutane suna bin layi domin haka.

Kabiru_Akitek: Na daɗe ina karantawa, kuma ina ganin Malam Sani da Malam Bulus kowannensu ya riƙe rabin ginin ne, domin a zahiri gini biyu aka haɗa. Dogon ɗakin na wajajen 1630 yana bin tsohuwar al'adar maginan Dalmashiya, wato gaɓar gabashin tekun Adiriyatik, wadda ba ta sauya sosai ba tun zamanin da ya gabaci barok: dutse sassaƙaƙƙe, ƙofa mai sauƙin ado, taga zagayayya a samanta. A kan wannan sashe Sani yana da hujja. Amma sashen bagadin na shekarun 1720 wani abu ne daban. Ilija Katičić ne ya gina shi, maginin da ya kammala babban cocin Dubrovnik a 1713, don haka mutum ne da ya san salon daga tushe. Ya zaɓi kusurwa takwas, ya ɗora ƙubba, ya buɗe mata hanyar haske daga sama, ta yadda mai tsayuwa a cikin duhun dogon ɗakin zai hango bagadi a haskake ta cikin bakan da ya raba sassan biyu. Wannan aikin magini ne, babu hannun mai zane a ciki, kuma Kokolja ya riga ya rasu kafin a fara shi. Kada kuma a manta cewa matuƙan Perast na wancan zamani suna shiga Benis kullum, inda cocin Salute na Baldassare Longhena, mai kusurwa takwas da babbar ƙubba, yake tsaye a bakin ruwa. An fara shi a 1631 domin cika alwashin da aka yi wa Maryamu a lokacin annoba, aka keɓe shi a 1687. Ba na cewa kwaikwayonsa aka yi kai tsaye, amma da wuya a ce waɗanda suka biya kuɗin ƙubbar Perast ba su da shi a zuciya.

Sani_Zayyana: Akitek, na karɓi maganarka a kan ƙubba da hasken, amma ka lura cewa ka bar mini dogon ɗakin, wanda shi ne mafi girman ginin. Don haka har yanzu ina ganin daidai shi ne a ce tsohon tsari ne da aka yi wa ƙari da ado na barok.

Bulus_Wusasa: Idan aka bi wannan ma'auni, ɗan'uwa, coci-coci kaɗan ne a wajen Rum za su tsira da sunan, domin yawancinsu a hankali aka gina su gwargwadon abin da ke hannu. Ka ƙara da bagadin, wanda ba a yi maganarsa sosai ba. Antonio Capellano, mai sassaƙa daga Jenowa, ya yi shi da marmara a 1796, kuma duk ginshiƙansa da adonsa an tsara su ne domin su kewaye wancan ƙaramin hoto na ƙarni na 15. Ƙubba tana haska bagadi, bagadi yana riƙe da hoton, zanen bango yana kai ido gare shi. Mutanen da suka yi waɗannan ayyuka ba su yi zamani ɗaya ba, amma kowanne ya duba abin da ya tarar kafin ya ƙara nasa.

Malam_Yakubu_Tarihi: Shekarar bagadin tana da muhimmanci ta wata fuskar. Shekara ɗaya bayansa, a 1797, Napoleon ya kawo ƙarshen jamhuriyar Benis, kuma Perast na cikin wuraren ƙarshe da suka sauke tutarta, a watan Agusta na shekarar, aka ajiye ta ƙarƙashin bagadin babban cocin garin. Daga nan gatan kasuwanci ya tafi, zuwan jiragen tururi a ƙarni na 19 kuma ya ƙarasa jiragen filafilai, garin ya yi ta raguwa. Talaucin da ya biyo baya shi ne ya hana a sake fasalin cocin da salon da ya zo daga baya. A cikin garin ma akwai shaidar haka, domin sabon babban cocin da aka fara a ƙarni na 18 kusa da na Nikola bai kammalu ba har yau.

Hajiya_Rabi_Koki: Allah Ya saka da alheri, Malam. Ni dai tsakanin Malam Sani da Akitek ban ga wanda ya kayar da wani ba. Sai dai ina tambayar Injiniya, yaya zanen ƙyalle ke rayuwa shekara sama da 300 a tsakiyar ruwan gishiri?

Injiniya_Hadiza: Hajiya, kasancewarsu a kan ƙyalle ne ya taimake su. Zanen da aka yi kai tsaye a jikin shafen bango yana shan damshin da ke hawowa daga ƙasa, gishirin ya bushe a cikinsa ya ɓarɓashe fentin, kuma wannan ne ya sa masu zanen Benis da kansu suka karkata ga ƙyalle tun ƙarni na 16. Ƙyallen da aka ɗaure a katako yana barin 'yar tazara tsakaninsa da dutse, ana kuma iya sauke shi a gyara a mayar. Abin da ya fi damun masu kula da irin waɗannan wurare a yanzu shi ne yawan baƙi a lokacin bazarar Turai, domin numfashin jama'a a ƙaramin ɗaki da buɗe ƙofa a kai a kai suna sa damshi ya riƙa hawa da sauka, ƙyalle da katako kuma ba sa miƙewa da tsukewa daidai da juna, a nan ne fenti ke fara tsagewa.